Yadda Tumatir Ya Ci Sunan Tanimu

Marka ta kama Jos bana kamar ba za ta saki ba. Tun da Agusta ta shigo ban ga rana da idona ba, sai wani fari-fari da kan leƙo ta bayan duwatsu da hantsi ya koma. Jiya na tafi lambu cikin yayyafi, na tsuguna ina duba ganyen tumatir, sai warin jiƙaƙƙen ganye mai shirin ruɓewa ya bugi hancina. Nan take wata damina ta dawo min, ta shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun mutane. Na miƙe na yi tsaki ni kaɗai a tsakiyar gona.

Ba zan yi ɓoye-ɓoye ba, labarin ƙyashi ne, kuma ni Hashimu ni ne mai ƙyashin. Limaminmu ya sha yin wa'azi a kan hassada, nakan gyaɗa kai tare da kowa, amma a raina nakan ce, Malam, ai kai ba a taɓa sa wa tumatirinka sunan wani ba.

Lambunmu yana bakin wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika. Ubana da baffana haƙar kuza ce ta kawo su Jos, da kuza ta mutu suka koma noman kayan miya a bakin ramin da suka haƙa da hannunsu. Na gaji ɓangaren ubana, Tanimu ɗan baffana ya gaji na nasa uban, shingen kyarana ne kawai tsakaninmu. Tanimu ƙanena ne, ina sonsa, amma noma kam ba nasa ba ne. Shi dai a ba shi hira. Idan ya riƙe fartanya, bakinsa ya fi hannunsa aiki, kunyar shukar da ya ja kuwa sai ka rantse maciji ya bi. Ni kuma, ba yabon kai ba, duk bakin ramin nan ba wanda yake kama ƙafata a tumatir, kowa ya sani.

Akwai wata al'ada tamu ta masu lambu. Idan sabon iri ya shigo ya karɓu, ba ruwanmu da sunan da aka rubuta a jikin takarda, sunan wanda aka fara ganinsa a gonarsa ake sa masa. Akwai wani koren wake da ake kira Ɗan Maikano. Maikano ya rasu tun ina yaro, gidansa ma an sayar, amma ba ranar da za ta fito ta faɗi ba a ambaci sunansa a kasuwar Farin Gada ba. Tun ina saurayi nake kwana da wannan buri. Ban nemi mota ba, ban nemi sarauta ba, so nake wata rana in ji dillali yana cewa a kawo Ɗan Hashimu.

Ana gab da faɗuwar ruwa a shekarar da nake ba ku labari, sai ga malaman gona sun zo mana a wata tsohuwar mota. Shugabarsu wata Malama Rifkatu ce, gajeruwa mai takalmin roba, ba ta da yawan magana. Ta ce suna neman tumatirin da zai jure marka, don kowa ya san tumatirin damina a Jos caca ne: sanyi da yayyafi su haɗu, ganye ya yi baƙi kamar an babbaka, 'ya'ya su ruɓe a jikin uwa. Sun zo da iri kala-kala a ƙananan ƙulli, ba suna, sai zaren da aka ɗaure bakin kowanne da shi. Kowane manomi zai sa hannu a buhu ya ɗauki uku, ya shuka su kunya kusa da kunya, ƙarshen damina a taru a zaga gonaki a zaɓi gwani.

Na sa hannu na ciro jan zare da baƙi da fari. Tanimu ya ciro ja da kore da ruwan ɗorawa. Wato ni da shi mun haɗu a jan zare.

"Abu ɗaya nake roƙonku," in ji Malama Rifkatu. "Ku yi musu yadda kuka saba yi wa naku. Kada ku shagwaɓa su."

Na ce to da baki. A zuciyata kuwa na ce, ga ranar da nake jira ta zo har gida, sannan a ce kada in shagwaɓa? Haba Malama.

Na zuba iri a fangali, kowane zare da gefensa, na yi masa rumfa da ciyawa. Ruwan farko a nan ba ya zuwa da sallama, wani lokaci har da ƙanƙara. Wata la'asar sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas, na ruga gida na hau saman ɗakinmu na yaye ledar da muka danne da duwatsu a inda kwano yake yoyo, na kai ta lambu na lulluɓe fangali. Ƙanƙara ta sauko ta yayyaga kabejin mutane, irina ko ƙwarzane. Da na dawo gida na tarar da matata Asabe ta jera roba da tukunya da kwanon sha a tsakar ɗaki, katifa a jingine da bango.

"Baban Hadiza," ta ce, "mu ne ba mu da zare a wuya, shi ya sa?"

Na ce ta yi haƙuri, abin na ɗan lokaci ne. Ledar ba ta koma saman ɗaki ba sai bayan dashe.

Dashe da gayya muke yi, yau gonar wannan gobe ta wancan. Mu jeru a duƙe, ƙafa cikin taɓo mai sanyi har yatsu su daina ji, mai tona rami yana gaba, masu dasawa suna biye. Mata su kawo gwaten masara da zafinsa a babban kwano, mu ci a tsaye tururi yana dukan fuska. Ranar tawa Tanimu ne ya fi kowa waƙa, ya fi kowa loma, duk abin da ya dasa kuma sai da na bi na gyara bayan an watse. Ranar tasa muka tarar da irinsa sirara kamar tsintsiya, rabi kaza ta tone. Muka dasa masa abin da ya samu, ana yi masa tsiya yana dariya.

Daga nan marka ta sauka.

Wanda bai zauna Jos ba bai san marka ba. Ba ruwa ne mai ƙarfi ba, yayyafi ne siriri da ba ya gajiya, ka kwanta da shi ka tashi da shi. Wanki ya kwana uku a igiya yana wari. Gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, icen girki ya jiƙe, Asabe ta yi ta hura wuta hawaye na zuba, tuwon rana sai la'asar. Kananzir ya yi wuya a shekarar, masara ta yi tsada, sabuwa ba ta nuna ba. Da safe koko ne tsararo ba ƙosai. Da dare wani lokaci gwate, ganye ya fi tsaki yawa, wani lokaci garin kwaki da ƙuli. 'Ya'yana mata suka kama tari, suna kwana a dunƙule kusa da kaskon gawayi. Nama kuwa, sai dai idan na bi ta Abbatuwa wurin mahauta in ji ƙanshinsa.

A cikin wannan hali ne nake renon tumatir kamar jariri. Daga sallar asuba sai lambu. Na sayi tokar bola jaki-jaki na tankaɗe ta da hannuna, na haɗa da kashin kaji. Na sare rassan itacen turare na kafa wa kowane tushe sanda, na yayyage tsohon zanin Asabe na ɗaure su don kada ganye ya taɓa ƙasa. Na haƙa magudana tsakanin kunyoyi. Duk ganyen da na ga ɗigon baƙi a kansa, in tsinke shi in kai nesa in binne. Akuyarmu ɗaya, na kai ta kasuwa na sayo maganin feshi. In ruwa ya ɗan tsagaita in saɓa gorar feshi in bi layi, ruwa ya dawo ya wanke, in sake. Tafin ƙafata ya yi fari ya tsattsage, bayana ya ƙage, ban fasa ba.

Tanimu fa? Tanimu ya samu babur a wurin wani mai shago a unguwar Kwango-Rasha, ya shiga acaɓa. Wata safiya na tare shi a hanya, ya sa buhun leda ya huda wurin kai, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Tanimu, ka leƙa gonarka kuwa? Ganye ya fara baƙi."

"Yaya, ai Malama cewa ta yi a yi musu yadda aka saba."

"To?"

"To ni haka na saba."

Ya ja babur ya fantsama min taɓo. Da yamma na leƙa ta saman shinge na ga gonarsa, ciyawa har gwiwa, tumatir a kwance cikin ruwa, kunya biyu sun yi baƙi wuluk. Wallahi daɗi na ji. Na ga ta ukun da sauran ɗanyen ganye a jikinta, ban kawo komai a raina ba, na koma kan aikina ina 'yar waƙa.

Ranar zagaye ta zo bayan marka ta ɗaga. Rana ta fito tas, ƙasa na tururi, mutum ya ji zafi a bayansa ya yi hamdala. Manoma suka taru, da matanmu, don an ce su ne masu miya, har da dillalai daga Farin Gada. A cikinsu akwai Madam Ngozi, wata Ibo mai cika mota da tumatir zuwa kudu, wadda duk abin da ta taya a kasuwa shi sauran ke bi. Aka ajiye gwangwani a bakin kowace kunya, aka ba kowa ƙwayar masara ɗaya, aka ce bayan an gama zagaye ya jefa a gwangwanin irin da ya fi burge shi.

Na sa farar riga ranar. Da aka shigo gonata sai da mutane suka yi kabbara. Kunyoyi uku a tsaye cak, ja da baƙi da fari, kowacce ta yi 'ya'ya har sanda na lanƙwasa. Wannan ya ce farin zare ya fi girma, wancan ya ce baƙin ya fi ja, wani ya ce ai duka ɗaya ne, hannun Hashimu ne. Ina tsaye ina murmushi ina cewa ikon Allah ne. Malama Rifkatu ta duƙa ta shinshina ganye, ta dubi tsummokaran da na ɗaure da su, ta dube ni, ta yi gaba.

Aka tsallaka gonar Tanimu ana dariya tun kafin a isa. Shi ma sai lokacin ya iso a kan babur, ko fartanya bai riƙo ba. Sai dariya ta tsaya. Kore da ruwan ɗorawa sun mutu murus, sai baƙaƙen karare a cikin ciyawa. A tsakiyarsu jan zare yana nan da ransa, ba sanda, ba taki, ba feshi, yana jan ciki a ƙasa, ga 'ya'ya jajaye suna leƙowa ta cikin ciyawa. Ba su kai rabin nawa yawa ba, ba su kai nawa girma ba. Amma Malama Rifkatu ta durƙusa a taɓo da gwiwoyinta biyu tana ɗaga ganye tana kiran abokan aikinta su zo su gani.

Madam Ngozi ta tsinki ɗaya ta danna da babban yatsa, ta jefa sama ta cafe.

"Wannan fata nashi ƙarfi ne. Zai kai hanya. Gona na wane ne?"

Aka ce na Tanimu.

"To ni wannan na Tanimu nake so."

Wani daga baya ya ce, "Ɗan Tanimu ke nan!" Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ji kamar an zuba min ruwan ramin nan a ƙeya.

Aka jefa masara. Ina ji da kunnena, ƙwas, ƙwas, ƙwas, a gwangwanin Tanimu. Waɗanda suka koma gonata kuwa suka rarrabu uku, kowane gwangwani da 'yan ƙwayoyi a gindinsa. Na ja Malama gefe.

"Malama, ki dubi Allah. Jan zaren nan ni ma ina da shi. Ga shi can, ya ninka nasa."

"Na gani, Malam Hashimu. Ban taɓa ganin gona mai kyan taka ba."

"To me ya sa?"

"A gonarka duka ukun sun rayu. Ban san wanda ya jure marka ba da wanda kai ka jure masa. A gonar Tanimu ba wanda ya taimaki kowa."

Wato ni da na sayar da akuya, na bar iyalina cikin yoyo, laifina shi ne na iya noma. Shi kuma da ya yi ta yawo a kan babur, lalacinsa ne ya zama gwaninta. Ku gaya min, a wace ƙasa ake haka?

Da muka koma gida na tambayi Asabe inda ta jefa tata masarar. Ta ci gaba da tsince shinkafa ba ta ɗago ba.

"Inda na ga abin mamaki."

"Asabe!"

"To Baban Hadiza, naka ai kullum haka yake."

Ban ci abinci ba ranar, kuma ranar ce aka dafa shinkafa bayan wata da watanni.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Madam Ngozi ta kwashe ɗan abin da ke gonar Tanimu, shi kuma ko tunanin ajiye iri bai yi ba. Mutane suka fara sallama a ƙofarsa, daga bakin raminmu har daga wasu ramukan, kowa yana neman irin Ɗan Tanimu. Ni kuwa na zaɓi manyan 'ya'yan jan zarena na matse, na wanke, na shanya a inuwa, na cakuɗa da toka na cika kwalba. Sai ga Tanimu da hantsi ya tsuguna a gabana yana sosa ƙeya.

"Yaya, mutane sun hana ni sakat. Ka taimake ni da iri."

Na daɗe ina kallonsa. Ɗan baffana ne, tare aka yi mana kaciya. Na ce zan ba shi, amma da sharaɗi, duk wanda ya ba ya gaya masa daga gonar wa ya fito. Ya ce wallahi zai faɗa. Kuma ya faɗa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan, ko mugunta bai yi min ba balle in samu abin riƙewa. Na ji shi da kunnena yana cewa, "Wannan na Yaya Hashimu ne, shi ya ajiye." Su kuma su karɓa su ce, "Madalla, Allah ya saka da alheri, Tanimu."

Yanzu iri a gwangwani yake zuwa da sunan Turawa, samari su duba waya su ce wannan ake yayi, baɗi kuma wani ne. Ba a matse tumatir a ajiye, ba a sa wa iri sunan kowa. Namu ne kusan na ƙarshe da aka raɗa wa suna a bakin ramin nan, shi ya sa ba ni da damar cewa nan gaba nawa sunan zai zo.

Damina ta zagayo na cika gonata da jan zare, ya kuwa yi kyau fiye da bara. Na rantse a raina wannan suna ba zai fita daga bakina ba. Ranar da na yi babban tsinka na ɗauki hayar akori-kura muka shiga Farin Gada da sassafe, ana yayyafi, taɓo har idon sawu. 'Yan dako suna ta kai da kawowa da kwanduna a ka, manyan motoci sun juya baya ana lodi. Na jera kwandunana na buɗe ciyawar da ke kai. Madam Ngozi ta zo da lemarta ta danna ɗaya da yatsa.

"Oga Hashimu, Ɗan Tanimu ne?"

"Jan zare ne."

"Ni ban san jan zare ba. Mutane na a can sun ce Ɗan Tanimu kawai."

"Madam, ki duba da kyau. Wanda kika saya bara ma ƙanen wannan ne. Daga gonata duk irin ya fita."

"To ka ce Ɗan Tanimu ne mana."

"Ɗan Hashimu ne."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta gyara lemarta ta wuce. Na bi ta da ido har ta tsaya wurin wani yaron dillali mai ƙananan tumatir da ba su kai nawa ba, ya faɗi sunan, ta ce a loda. Sauran masu saye suka bi sahunta. Duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya, amsata ɗaya, ya wuce.

Aka yi azahar ban sayar da kwando ko ɗaya ba. Yayyafi ya ɗauke, rana ta buɗe da zafi a kan jiƙaƙƙen kaya. Ruwa ya fara tsiyaya ta gindin kwandunan ƙasa, ƙudaje suka fara taruwa. Motoci suna ta ɗaure tamfol suna fita ɗaya bayan ɗaya, saura biyu. Na tuna gida ba masara, na tuna Asabe ta ce kada in dawo ba maganin tari. Wahalar damina guda ce a gabana tana shirin zama ruwa. Na dubi ƙasa na ce a hankali:

"Ga Ɗan Tanimu."

Ba wanda ya waiwayo. Sai na ji an kashe babur a bayana. Tanimu ne, ya sauke fasinja, ko tushe ɗaya bai shuka ba a shekarar. Ya jingina da babur ɗinsa, ya ɗauki tumatir ɗaya daga kwandona ya goge a riga ya gatsa.

"Ɗaga murya, Yaya," ya ce, ruwan na bin haɓarsa. "Na wajen mota ba sa ji."

Na dube shi, na dubi kwandunan. Na hau kan wani dutse, na sa hannu biyu a baki, na ɗaga. Kafin la'asar ko ruɓaɓɓe ba a bar min ba.